Ɗan kabu-kabu ya rasu a titi: tambayoyin da ake yi a gefen tabarmar makoki

A Birnin Kebbi, Jega, Argungu ko Yawuri, da wuya a sami unguwar da ba a taɓa zaman makokin wani ɗan kabu-kabu ba. Mai gaisuwa ya zo ya durƙusa, "Yaya haƙuri? Allah shi jiƙan shi, shi ba ku dangana." A yi addu'a a shafa. Can gefe kuma sai ƙananan maganganu su tashi a hankali: wa ke da laifi, direban ya tsaya ko ya gudu, za a karɓi diyya ko abin kunya ne. Yawancin tambayoyin a nan suke mutuwa, don ba mai son a ce ya cika surutu a gidan rashi.

Tunda kwanansa ne ya ƙare, mene ne amfanin tono yadda abin ya faru?

Ba musulmin da ke musun ajali. Amma addinin da ya koya mana imani da ƙaddara, shi ne dai ya ɗora hukunci a kan kisan kuskure. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta wa wanda ya kashe mumini bisa kuskure abu biyu: diyya da za a miƙa wa iyalin mamaci, sai fa in sun yafe, da kaffarar 'yanta bawa mumini, wanda bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere. Da cewa "kwana ya ƙare" yana rufe magana, da ba a ɗora wa mai kuskure wannan nauyi ba.

Maganar ƙaddara tana da mazauninta. A faɗa wa uwar da ta rasa ɗa, zuciyarta ta yi sanyi, daidai ne. Amma idan direban da ya fito da mota ya san birkinta ba ya ci shi ne ke faɗinta, to mafaka yake nema. Mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara.

Nawa ne diyyar, kuma ba abin kunya ba ne a karɓa?

Asalinta raƙuma 100, ko dinari 1,000 na zinari, wato kimanin kilo 4.25. Ƙimarta da naira tana hawa da sauka ne tare da farashin zinari. A fiƙihu, diyyar kuskure ba a kan mai kuskuren kaɗai take ba, danginsa na wajen uba ne ke haɗa ta, a cikin shekara uku. A zahiri kuwa, yawanci sulhu ake yi a kan abin da za a iya biya, a gaban alƙali ko hakimi ko dattawan ɓangarorin biyu. Kebbi na cikin jihohin da suka faɗaɗa aiki da Shari'a tun 2000, saboda haka wanda ke son bin haƙƙinsa yana da inda zai je.

Batun kunya shi ne inda nake da ja da mutanenmu. Sau da yawa tun ba a kai gawa makwanci ba, sai wani baffa ya miƙe ya ce, "Mun yahe, ba mu cin kuɗɗin jini." Kowa ya ce madalla, an yi dattako. To amma diyya gado ce, ana raba ta yadda ake raba sauran dukiyar mamaci. Matarsa na da tumuni idan akwai 'ya'ya, iyayensa na da kasonsu, 'ya'yan na da nasu. Baligi na da ikon yafe nasa kason, kuma yana da lada. Kason maraya ɗan shekara huɗu kuwa ba na baffa ba ne balle ya yi kyauta da shi don a yaba masa. Shi mai yafewar, bayan sadakar arba'in ba lallai a sake ganin ƙeyarsa a gidan ba, matar ce za ta wayi gari tana neman kuɗin awo.

Idan iyalai sun yafe, direba ya fita ke nan?

Ya fita daga diyya. Kaffara haƙƙin Allah ce, ba mai yafe masa ita, azumin wata biyu na nan a wuyansa. Wannan idan akwai sakaci daga wajensa. Idan mai babur ne ya faɗo masa ta inda ba yadda zai yi ya kauce, yana kan hannunsa, yana gudun da doka ta yarda, malamai da yawa na wannan zamani suna ganin babu lamuni a kansa. Shi ya sa ake bukatar a auna wurin a ji shaidu kafin kowa ya yanke hukunci. Kuma hukuncin nan bai tsallake ɗan kabu-kabu ba: in gangancinsa ya kashe fasinjan da ya goya, shi ma ya hau kansa.

Ina amfanin takardar inshorar da ake tambaya a shingen hanya?

Don irin wannan ranar aka yi ta. Tun 1945 doka ta wajabta wa kowane abin hawa inshorar da za ta biya wanda aka ji wa rauni ko iyalin wanda aka kashe. Daga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta sa kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, naira 3,000 ga babur. Matsalar ita ce da yawa daga takardun da ke aljihun motoci na bogi ne, an saye su wajen 'yan cuwa-cuwa don a nuna wa ɗan sanda kawai. Wanda tasa ta gaskiya ce, iyalin mamaci na iya neman haƙƙinsu da rahoton 'yan sanda da takardar shaidar mutuwa daga asibiti. Gaggawar jana'iza sunna ce, amma ba ta hana wani ɗan'uwa ɗaya ya tsaya ya karɓi waɗannan takardu, ya rubuta lambar motar.

To wai wa ya fi laifi, masu mota ko 'yan kabu-kabu?

Tambayi direba a tashar Jega, zai ce maka yaran nan ba su da hankali. Tambayi ɗan kabu-kabu a bakin kasuwa, zai ce masu mota ba su ɗauke su mutane ba. Kowanne ya faɗi rabin gaskiya.

A ɓangaren masu babur, abin a fili yake. Yaro ya koyi tuƙi a fili ranar Asabar, ranar Litinin ya fara ɗaukar fasinja, bai taɓa jin akwai lasin aji A na babur ba. Ana sayen Boxer sabo, abin da ake fara yi shi ne kwance madubai, wai sun sa ya zama na tsofaffi. Mutum ya hango fasinja a ɗaya hannun sai ya karya kan babur ba waiwaye. A goya mace da goyo da yara biyu da buhun shinkafa a kan tanki, kan babur ya ƙi juyuwa. Da dare wani ya kashe fitila, wani kuma ta bayansa ta mutu tun bara. Akwai kuma masu haɗiyar tiramadol don su jure aikin yini, ita kuwa gajiyar tana nan, jinta kawai ake dainawa.

Sai dai laifin mai mota ya fi nauyi a ma'auni, saboda ƙarfen da ke hannunsa. In sun yi karo, shi fenti zai sake, ɗayan kuwa likkafani. Dokar hanya ta Najeriya ta sa wa ƙaramar mota iyakar kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya. Tirela da tanka 45 cikin gari, 50 a babbar hanya. Babur 50 ne duk inda yake. Yanzu ka tsaya bakin hanyar da ta taso daga Sakkwato ta Tambuwal, ta ratsa Jega da Koko da Yawuri ta nufi Kwantagora, ka ga ko akwai mai tunawa da waɗannan lambobi idan ya shigo tsakiyar gari. Motar da ke gudun 80 tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Direba ya sunkuya ya duba wanda ke kiransa a waya na daƙiƙa uku, ya yi tafiyar mita 66 ido rufe. Idan kuma ka ninka gudu, nisan da birki ke bukata ninki huɗu yake yi, ba biyu ba.

Akwai laifin da ba na direba ba kuma ba na mai babur ba. Wanda ya shanya shinkafa a gefen kwalta ya tura masu babur tsakiyar titi. Motar da ta lalace aka gyara, aka tafi aka bar duwatsu da rassan itacen da aka jera. Yashin gini da aka juye ya ci rabin hanya. Hadisi ya ce a ba hanya haƙƙinta, ya lissafa kamewa daga cutarwa a ciki, wani hadisin ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne.

Me ya sa karo da tirela ya fi yawan zuwa da mutuwa?

Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, direba a hagu yake zaune. Gefen damansa, tun daga ƙofar yaron mota har wutsiya, akwai wuri mai faɗi da ba ya gani, haka daf da hancin motar da bayanta. Nan ne kuma daidai inda mai babur ke son kutsawa, tsakanin tirela da bakin titi. In za ta sha kwana dama, sai ta fara buɗewa hagu, mai babur ya ga fili ya shiga, tayoyin baya su rufe da shi. Ka'idar mai sauƙi ce: in ba ka hango fuskar direba a madubinsa ba, shi ma bai san kana duniya ba. Lokacin kakar albasa ta Aliero da jigilar shinkafa da shanu zuwa kudu, ga hazon hunturu, a bar mata hanya ta wuce ya fi.

Hular kwano a wannan zafin, anya?

Zafin Kebbi a watan Afrilu ba wasa ba ne, ban musa ba. Lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta sa hular a ranar 1 ga Janairun 2009, har ƙwarya wasu suka riƙa kifawa a ka don su wuce shinge, wasu kuma suka ce ana sa asiri a hular da ake ba fasinja. An yi dariya, doka ta yi sanyi. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayarwa kuwa sun nuna hular da aka sa daidai tana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, raunin kai da kashi 69. Sharaɗin shi ne ta zama ta babur ta gaske, ba ta 'yan gini ba, kuma a ɗaure igiyar a haɓa. Wadda ba a ɗaure ba ita ke fara tashi kafin kai ya isa ƙasa. Hukumar ta kuma ce haɗarin hanya ke kashe kusan mutum miliyan 1.19 a shekara a duniya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, wato sa'o'in yawancin masu goya mu zuwa kasuwa.

In abin ya faru a gabana, me zan yi?

Fara tsayar da motocin da ke tahowa, kada a taka shi karo na biyu. A kira FRSC a 122, ko lambar gaggawa 112. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta, a riƙe, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa. Kada a ba shi ruwa, kada a kwara masa. Mafi muni shi ne yadda muke cicciɓar mutum hannu da ƙafa, kai na reto, a ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu. In wuya ko gadon baya ya taɓu, wannan ɗaukar ce ke ƙarasa shi ko ta kwantar da shi har abada. A sami allo ko ƙyaure, mutum ɗaya ya tallafe kai da wuya, a sa shi a mota a miƙe.

A mayar da waya aljihu. Uwa ta fara ganin gawar ɗanta a WhatsApp kafin a aiko mata manzo, wannan ba taimako ba ne. A kuma bar direba da ransa. Duk motar da aka ƙona, an koya wa direbobi goma cewa in sun buge mutum su taka wuta su gudu, alhali sau da yawa motar da ta buge shi ita ce mafi kusa da za ta kai shi asibiti.

Asibiti za su karɓe shi ba takardar 'yan sanda?

Wajibi ne. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, kuma akwai tara ko ɗauri ga wanda ya saɓa. Wanda ya kawo majinyaci ba shi ne mai laifi ba.

Bayan an watse daga makoki, me ya rage a kan abokan sana'arsa da maƙwabta?

Matarsa za ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, ko har ta haihu in tana da ciki, kuma wanda ke shigo da cefanen kullum shi ne ya tafi. Ɗan kabu-kabu ba shi da albashi ko fansho, abin da ya samo yau shi ake ci yau. Abincin makoki ma maƙwabta ne ya kamata su kai, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarta a yi wa iyalan Ja'afar, ba a sa gidan rashi dafa wa baƙi ba.

Sai maganar babur ɗin. Da yawa ba nasu ba ne: ko na ubangida ne ana kai masa balas kullum, ko an karɓa ana biya kaɗan-kaɗan ba a gama ba. Bashi kuwa ana fitar da shi kafin gado. Shugabannin ƙungiyarsu na tashar da yake tsayawa su ne suka san nawa ya biya, nawa ya rage, su ya kamata su zauna da mai babur tun a makon farko, da shaidu, a rubuta. In ubangidan ya yafe ragowar, a rubuta ya yafe. In za a gyara babur a ba wani ya ci gaba da aiki, a faɗi nawa zai riƙa kai wa gidan marayun, da ranar da zai riƙa kaiwa, da wanda zai karɓa tunda matar ba ta fita.