Asid, Bes da Ma'aunin pH

Asid sinadari ne da ke sakin ƙwayar haidurojin mai caji, wadda ake rubutawa H⁺, idan ya narke cikin ruwa, bes kuwa shi ne wanda ke karɓar wannan ƙwaya. Svante Arrhenius ɗan ƙasar Suwidin ne ya aza harsashin wannan bayani a shekarun 1880, sannan a 1923 Johannes Brønsted na Denmak da Thomas Lowry na Ingila suka faɗaɗa shi, kowa ta nasa binciken. Asid ne ke kawo tsamin tsamiya da lemun tsami da nono, bes kuma shi ne ke cikin kanwa da ruwan toka, yana da ɗan ɗaci da santsi a yatsa. Idan biyun suka haɗu sukan kashe kaifin juna. Uwargidan da ta jefa ɗan guntun kanwa a tukunyar yakuwa a Daura wannan aikin take yi, kumfar da ke tasowa kuwa iskar kabon dayoksaid ce da ke fita yayin da tsamin ke mutuwa.

Ma'aunin pH, wanda Søren Sørensen ya ƙirƙiro a 1909 a ɗakin binciken Carlsberg da ke Kofanhegan, yana nuna yawan H⁺ a cikin ruwa: gwargwadon ƙanƙantar lambar, gwargwadon yawan H⁺. Galibi ana karanta shi daga 0 zuwa 14. Tsaftataccen ruwa yana kan 7 a zafin digiri 25, abin da ya gaza 7 asid ne, abin da ya haura kuma bes ne. Wurin da ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne tazarar da ke tsakanin lambobin, domin kowane mataki ɗaya ninki 10 ne: ruwan lemun tsami mai pH kusan 2 ya fi ruwa mai pH 4 yawan H⁺ sau 100. Ko zoɓo yakan nuna wannan bambanci, jansa yana ƙara haske idan aka matsa masa lemun tsami, ya rikiɗe ya yi duhu-duhun kore idan aka ɗiga masa ruwan kanwa.

Bafa gauraye ne na asid mara ƙarfi da gishirinsa (wato sinadarin da ke samuwa idan asid ɗin ya haɗu da bes), wanda ke hana pH sauyawa sosai ko da an ƙara masa ɗan asid ko ɗan bes. Nan ne batun ya fi shafar rayuwa kai tsaye. Jinin mutum mai lafiya yana tsakanin 7.35 da 7.45, duk da irin tsamin da gaɓoɓi ke zuba masa dare da rana. Bayikabonet, wani bes mara ƙarfi da ke cikin bafar jini, yana kama H⁺ ɗin da ya yi yawa, su zama asid na kabonik, wanda ke rabuwa zuwa ruwa da kabon dayoksaid, huhu kuma ya fitar da iskar. Ƙoda na taimakawa a hankali, tana mayar da bayikabonet cikin jini tana zubar da asid ta fitsari. Shi ya sa mai ciwon sukari da jininsa ya yi tsami yakan riƙa numfashi mai zurfi da sauri, alamar da ba ta jiran gobe, sai asibiti.

Kowane bafa yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma manomin Katsina ya kamata ya san haka. Ƙasar jigawa mai yawan rairayi ba ta da ƙarfin riƙe pH kamar ƙasar fadama mai laka, don haka zuba takin zamani irin yuriya shekara da shekaru yakan sa ta yi tsami, saiwar gero da dawa ta kasa jan fosfaras yadda ya kamata. Takin dabbobi yana ƙara mata wannan ƙarfi, inda tsamin ya yi nisa kuma akan gyara ta da farar ƙasa bayan an auna.