Kiɗan da ka kaɗa da fiyanonka, na wane ne a idon doka?

Matashi ya yi wata uku yana koyon wani kiɗa a fiyano, ya jingina waya a kan kujera ya ɗauki kansa, ya ɗora a YouTube. Kafin gari ya waye sai ga saƙo, wai wani kamfani ya ce kiɗan nasa ne. Abin da ciwo, don yatsun yaron ne suka yi aikin. Amma kafin ya yi fushi, ya kamata ya san cewa haƙƙin da ke cikin wannan bidiyo ba ɗaya ba ne.

Akwai haƙƙin wanda ya ƙirƙiri karin, akwai kuma haƙƙin wanda ya kaɗa shi ya naɗi sautin. Na biyun naka ne. Na farkon kuwa sai an duba.

A Najeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba mawallafin kiɗa kariya tsawon rayuwarsa, da ƙarin shekara 70 daga ƙarshen shekarar da ya rasu. A cikin mashahuran mawallafan kiɗan Turai, Bach ya rasu a 1750, Beethoven a 1827, Chopin a 1849, don haka kiɗansu ya zama gadon kowa, ka kaɗa ka ɗora ba tare da neman izinin kowa ba. Alhaji Mamman Shata kuwa a 1999 ya rasu. Duk karin da ya tabbata shi ya ƙirƙira yana ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2069, kuma magadansa ko wanda suka miƙa wa haƙƙin ne ke da ta cewa. Mayar da waƙar wani zuwa fiyano, ko da ba ka rera baiti ɗaya ba, sarrafa aikinsa ne, kuma dokar ta sa wannan cikin abubuwan da sai da yardar mai shi. Rubuta "ba don kuɗi na yi ba" a ƙasan bidiyo ba ya zama izini. Abin da ka kaɗa a ɗakinka don kanka daban yake da abin da ka baje wa duniya.

To me ya sa wanda ya kaɗa Bach ma yake samun saƙon? Saboda na'urar da ke tantancewa, irin Content ID na YouTube, sauti take kwatantawa, ba ta san tarihi ba. Kamfanoni suna da haƙƙin faifan da makaɗansu suka naɗa, wanda a Najeriya kariyarsa shekara 50 ce, kuma in mutum biyu suka kaɗa kiɗa ɗaya da kyau dole su yi kama. A 2018 makaɗin nan ɗan Ingila James Rhodes ya ɗora bidiyonsa a Facebook yana kaɗa Bach, aka danne wani ɓangare na sautin da sunan kamfanin Sony Music, sai da maganar ta bazu aka janye. In hakan ta same ka, kada ka goge bidiyon don tsoro. Ka ƙalubalanci iƙirarin, ka faɗi sunan mawallafin da shekarar rasuwarsa, ka ce kai ka kaɗa. A YouTube mai iƙirari yana da kwana 30 ya amsa, in ya yi shiru iƙirarin ya faɗi. In kuwa karin na wani ne da haƙƙinsa bai ƙare ba, kada ka yi jayayyar ƙarya.

Wurin da ya fi damuna shi ne kiɗan da ka ƙirƙira da kanka. Da yawa suna zaton sai sun yi rajista kafin ya zama nasu. Dokar ba ta ce haka ba. Muddin aikin ƙwaƙwalwarka ne, kuma ka adana shi a wani abu, takarda ko waya ko kwamfuta, kariya ta hau kansa. Karin da yake yawo a kanka kawai bai samu wannan ba, don haka ka naɗe shi ranar da ya zo maka. Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana karɓar rajista, kuma ina ganin ya dace ka yi wa aikin da kake ji da shi, domin ranar gardama takardar shaida ce.

Masu fiyano a situdiyoyin Kano sun san yadda ake yi: mawaƙi ya zo da baitoci, kai ka ɗora masa kari, ya biya kuɗin zama ya tafi. Waƙa ta yi kasuwa, sunanka ko a ƙasan bidiyo babu. Dokar ta ce sayar da haƙƙi gaba ɗaya, ko ba wa mutum ɗaya tak ikon amfani da shi, ba ya inganta sai a rubuce. Ta kuma ba mawallafi damar ya nemi a ambaci sunansa a kan aikinsa. Kafin ka taɓa fiyanon, ku rubuta wa ke da karin, nawa aka biya, kuma kashi nawa ne naka in kuɗi suka shigo daga intanet, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa.