Matsalolin sauti, hoto da baƙin allo a kwamfutar Linux

Linux tsarin sarrafa kwamfuta ne da ya samo asali daga kanel (zuciyar tsarin, wadda ke sarrafa kayan cikin kwamfuta) da Linus Torvalds ya fitar a 1991. A Kano, masu amfani da shi galibi ɗalibai ne da masu koyon rubuta manhaja, kuma yawancinsu laftof na hannu suke saye a Farm Centre ko titin Beirut. Abubuwa uku ne suka fi ba su wahala: sauti ya ɗauke, hoto ya rikice, ko allo ya yi baƙi ƙirin bayan kunnawa. Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau, laifin na direba ne, wato manhajar da ke tsakanin kanel da kayan cikin kwamfuta.

Sauti a Linux hawa-hawa yake. A ƙasa akwai ALSA, sashen kanel da ke magana da katin sauti, wanda ya maye gurbin tsohon tsarin OSS a kanel 2.6 na 2003. A samansa akwai manhajar da ke rarraba sauti tsakanin manhajoji, wato PulseAudio, ko kuma PipeWire. A cikin nau'o'in Linux, Fedora ta koma kan PipeWire a 2021, Ubuntu ta biyo baya a 2022. Daga ƙasa ake fara bincike. Umarnin alsamixer, da ake rubutawa a tagar umarni (terminal), yana nuna layukan sauti. Duk wanda aka ga MM a ƙarƙashinsa a rufe yake, danna M kawai zai buɗe shi. Wani lokacin sautin ya karkata ne zuwa HDMI bayan an jona talabijin. Idan kuwa tsarin bai ga katin sauti ba sam, a laftof masu sabon Intel yawanci fayilolin SOF (Sound Open Firmware), da katin sautin ke buƙata kafin ya yi aiki, ne ba a saka ba.

Maganar hoto ta fi tsawo. Direbobin Intel da AMD suna cikin kanel, shi ya sa ba kasafai suke tayar da hankali ba. Nvidia kuwa, kamfanin da ke ƙera katunan hoto, tana da direba biyu: nouveau, wanda masu sa-kai suka rubuta, da na kamfanin kansa, wanda dole a sake gina shi duk lokacin da kanel ya canza. Wata manhaja mai suna DKMS ce ke wannan aikin. In ta gaza, ko Secure Boot, tsarin tsaro na lokacin kunnawa, ya ƙi karɓar direban da ba shi da sa hannun dijital, sai allo ya yi baƙi. Tsofaffin katunan Nvidia, irin waɗanda suka cika kasuwar kayan hannu, sabon direba ba ya sanin su. Sai tsohon reshen direban kamar 390 ko 470, ko a haƙura da nouveau. Ba kuma kowane daskarewa ne laifin direba ba: ƙurar hunturu na toshe fanka, injin ya yi zafi ya tsaya cak.

Baƙin allo ba ya nufin kwamfuta ta mutu. Ctrl da Alt da F3 suna buɗe kwansol, allon rubutu zalla, inda ake shiga da suna da kalmar sirri. A nan lspci -k ke nuna direban da kowane kati yake amfani da shi, dmesg da journalctl -b kuma su faɗi abin da ya faru tun kunnawa. Idan kwansol ɗin ma ya ƙi fitowa, ana danna e a allon GRUB, wato jerin zaɓi da ke fitowa kafin Linux ya tashi, a ƙara kalmar nomodeset, ko a zaɓi tsohon kanel daga jerin. Ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa, ga batir da ya riga ya mutu, kan bar direba rabi da rabi. A Ubuntu da Debian, sudo dpkg --configure -a yana ƙarasa aikin. Masu gyara da dama sun fi son goge komai su sake lodi, abin da kan cinye fayilolin mai kwamfuta a kan matsalar da layi ɗaya zai warware.