Waiwaye: Yadda Yaron Sakkwato Ya Zama Mutum Biyu, Ɗaya a Gida Ɗaya a Waya

Raɗa wa kai suna ba da intanet ya zo ba. Tun zamanin gaishe-gaishen rediyo irin su Zaɓi Sonka, saurayi kan sayi kati ya rubuta laƙabin da ya zaɓa, a karanta a ji shi daga Gwadabawa har Tambuwal. Sai dai 'yan unguwa sun san ɗan gidan wane ne mai laƙabin, mai karanta katin kuma babba ne da ba zai bar maganar banza ta fita ba.

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, amma ta daɗe a aljihun 'yan kasuwa da ma'aikata kafin ta kai hannun yara. Abin ya sauya ne wajen 2010, lokacin da manhajar 2go, wadda aka ƙirƙira a Afirka ta Kudu, ta mamaye ƙananan wayoyin Nokia. Ba ta cin data sosai, ba ta tambayar ko kai ɗan wane ne. A ɗakunan hirarta ɗan sakandare daga unguwar Mabera kan ce shi ɗalibin Jami'ar Ɗanfodiyo ne, yarinya ta sa hoton fure ko na wata jaruma a madadin fuskarta. Rubutu ne zalla, a ƙarƙashin bargo, bayan an rufe ƙofar zaure. Wannan ne karo na farko da yaro ya sami dandalin da babu idon babba ko ɗaya a kansa.

Daga baya wayoyin Tecno da Itel masu sauƙin kuɗi suka kawo kyamara, WhatsApp ya ƙaro sitatus a 2017, sannan rufe makarantu saboda korona a 2020 ya bar yara watanni a gida da TikTok. Nan fuska ta fito fili, amma fuskar da filta ya wanke, a tsaye gaban motar wani ko ƙofar gidan da ba nasu ba.

Abin da ya sa lamarin ya fi nauyi a Birnin Shehu shi ne kunya. Yaron da aka tarbiyyantar ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, ba ya haɗa ido da shi, ba ya tsoma baki in manya na magana, shi ne da dare yake yi wa malami mai furfura gyara a ƙarƙashin bidiyonsa. Yarinyar da ba a jin muryarta a tsakar gida tana da mabiyan da suka san launin da take so da abin da ya ɓata mata rai jiya. Ni ban yarda a kira wannan munafunci kai tsaye ba. Da yawansu magana ce ta taru a cikinsu ba su sami mai saurare ba. Na ga ɗalibar da ba ta iya ɗaga hannu a aji amma ita ke warware lissafi a guruf, na ga masu tallan lalle da turaren wuta a sitatus suna sayen littattafansu da kansu. Har harshe ma ya shiga ciki: wasu kan ɓoye Sakkwatancinsu su koma Kananci ko Turanci don kada a yi masu dariya, wasu kuwa da "wanga" da "awo" suka tara jama'a.

Damuwata ita ce katangar da yaran ke zaton tana tsakanin waya da gida ta daɗe da faɗuwa. A zamanin 2go magana kan ɓace da wayewar gari. Yanzu ana ɗaukar hotonta, a tura, a ajiye. Sakkwato ta ga mafi munin hakan a watan Mayun 2022, lokacin da saƙon murya a guruf ɗin 'yan aji ya kai ga kashe wata ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, har aka sa dokar hana fita a birni. A Nuwamban shekarar wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok hukuncin bulala da tara kan bidiyon da suka yi game da gwamnan jihar na lokacin. Ƙasa da waɗannan akwai abin da ba ya shiga labarai: binciken aure, wanda a da ake yi wajen maƙwabta da liman, yau 'yan'uwan ango ko na amarya kan fara shi daga shafin mutum, su tono abin da ya ɗora yana ɗan shekara 15.

Facebook da Instagram da TikTok duk sun ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi, amma shekarar haihuwa yaro ne ke rubuta ta da yatsansa. Tun da aka fara haɗa layin waya da lambar NIN a ƙarshen 2020, layin da ke hannun yara da yawa da sunan uwa ko uba ko yaya aka yi masa rajista. Ke nan a takarda babba ne mai layin, alhali sau da yawa bai san laƙabin da ɗansa ke amsawa a can ba, wani ma bai san an buɗe shafin ba.