Wai mece ce "juriya" ɗin nan da ake ta faɗa?

Da damina ta fara ɓarna ba za ka kunna rediyo ba ka ji "gina juriyar al'umma kan sauyin yanayi" ba. Ƙungiyoyi na faɗa, kwamishina na faɗa, har ɗan siyasan da ya zo jaje da katifa da buhun shinkafa sai ya ce mutanensa akwai juriya. Toh nan ne abun ke ban haushi, don shi haƙuri yake nufi, wato ruwa ya cinye maka gida ka ce ƙaddara ce ka yi shiru. Haƙuri da kyau, ba musu, amma masu aikin agajin gaggawa ba shi suke nufi ba, su tanadi suke nufi, wanda unguwa ta yi tun kafin abun ya zo ta yadda in ya zo ba za ta durƙushe ba.

Ka ɗauki Maiduguri. Ranar 10 ga Satumban 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya shiga Gwange da Monday Market da fadar Shehu da asibitin koyarwa, har gidan zoo bai tsira ba, kuma cikin dare, mata da goyo a baya da ƙullin kaya a ka kowa tambayarsa ɗaya, ina za mu nufa? Sai da aka sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da aka rufe a 2021, wasu kuma suka cika makarantu. Kuma fa dam ɗin nan ya taɓa yin haka a 1994, shekara 30 kafin wannan.

Amsar "ina za mu nufa" ɗin nan ita ce juriya. Firamare ko masallacin Juma'a a kan tudu wanda kowa ya san nan za a haɗu, da bohol mai sola, da banɗaki, da inda za a yi cajin waya a kira dangi, mai unguwa kuma ya san gidan da tsohuwa take ita kaɗai da gidan mai jego. Ran da babu ambaliya wurin ya yi aikin islamiyya ko taron adashi, lokacin zafin Afrilu tsofaffi su sha inuwa, ai wurin da ba a saba zuwa ba ba a tuna shi cikin firgici.

Sai dai a unguwanni da yawa filin makarantar ma an yanka an jera shaguna, kwatar kuma an gina gida a kai.