Sakaci a Gidan Kula da Tsofaffi: Abin da Dokar Amurka Ta Tanada

A Amurka gidajen da ake kai tsofaffi iri biyu ne, kuma doka ba ta auna su da mudu ɗaya. Akwai gidan jinya, mai ma'aikatan lafiya dare da rana. Shi dokar tarayya ta 1987 ta gindaya wa sharuɗɗa, muddin yana karɓar kuɗin Medicare ko Medicaid, wato shirye-shiryen gwamnati na biyan kuɗin kiwon lafiyar tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi. Akwai kuma gidan da tsoho ke zaune a ɗakinsa, ana taimaka masa da wanka, abinci da shan magani. Shi wannan kowace jiha ce ke ba shi lasisi bisa ƙa'idarta, don haka sai ka fara sanin dokar jihar da gidan yake.

Mene ne sakaci? Ka ɗaga bargon tsohuwa ka tarar da gyambon kwanciya a diddigenta, saboda an bar ta yini da kwana a gefe guda. Ko dattijo mai ciwon mantuwa ya fice cikin hunturu ba wanda ya lura. Zuciya takan ce a bar wa Allah, amma wannan amana ce aka karɓi kuɗi a kanta aka ci.

A kotu sai an nuna cewa gidan ya ɗauki nauyin kulawa, ya gaza, gazawar ce ta jawo raunin, kuma an cutu. Na ukun ne mai wuya, domin lauyan gidan zai ce ai dama jiki ya tsufa. Shi ya sa hujja ta fi kuka amfani: a ɗauki hoton ciwon da kwanan wata, a nemi takardun asibiti, a rubuta wanda ke bakin aiki a ranar, a ajiye tsarin kulawar da aka amince da shi lokacin shiga.

Kowace jiha tana da jami'in karɓar koken mazauna irin waɗannan gidaje, wanda a can ake kira ombudsman, kuma kyauta yake aiki. Akwai hukumar kare manya masu rauni, da hukumar da ke ba da lasisi, wadda za ta iya bincike ta ci tara. Duka ko sata kuwa maganar 'yan sanda ce. Sai dai diyya ba daga nan take fitowa ba, sai an shigar da ƙara, ita kuma tana da wa'adi: a California shekara 2 ne kan rauni, a New York shekara 3, amma 2 idan an rasa rai, a Tennessee shekara 1 kacal. Yawancin lauyoyin wannan fanni ba sa karɓar ko sisi sai an yi nasara, sannan su cire wajen kashi ɗaya cikin uku.

Abin da ya fi damuna shi ne takardar da ake sa wa hannu ranar shiga, hankali a tashe. A cikinta sau da yawa akwai sharaɗin cewa ba za a je kotu ba, sai wajen mai sasanci da zai yanke hukunci a madadin alƙali, a bayan ƙofa. Kotun Ƙolin Amurka ta ƙarfafa irin wannan sharaɗi a 2012 da 2017. Ƙa'idar tarayya ta 2019 ta hana gidajen jinya tilasta shi, har ta ba da kwana 30 na janyewa, amma ba ta shafi gidaje iri na biyu, waɗanda jiha ke ba lasisi, ba. A can, kafin ka sa hannu, ka nemi a soke layin, ko ka kai wa lauya ya duba.