Haɗa fitilun baya na motar da ake ja a bayan motar-gida

Motar-gida babbar mota ce mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki a ciki, wadda ake doguwar tafiya da ita musamman a Amurka da Kanada. Da yake girmanta bai dace da shiga lunguna ko zuwa cefane ba, masu ita kan ɗaure ƙaramar mota a baya da sandar ja, tayoyinta huɗu a ƙasa. Jeep Wrangler na cikin motocin da aka fi ja a haka. Matsalar ita ce ƙaramar motar tana tare fitilun babbar, ga shi ba kowa a cikinta. Don haka doka ta wajabta fitilar dare da danjar burki da sigina su riƙa kamawa a bayanta daidai lokacin da direba ya kunna nasa.

Wutar tana fitowa ne daga soket ɗin da ke bayan motar-gidan. Mafi sauƙinsa mai baki huɗu ne, kuma launin wayoyinsa sananne ne a Amurka: fara ta atin ce, wato wayar da ke mayar da wuta, wadda ake ɗaure wa ƙarfen jikin mota; ruwan ƙasa ta fitilar dare; rawaya ta burki da siginar hagu; koriya ta burki da siginar dama. Akwai mai baki 6 da mai baki 7, masu ƙarin layin cajin batir na bolt 12. A Turai an fi amfani da mai baki 13.

Hanya mafi arha ita ce fitilu masu maganaɗisu da ake mannawa a bayan motar, a cire in an isa. Ba a taɓa wayarin motar ko kaɗan, sai dai suna goge fenti, kuma ba sa kama jikin alminiyam irin na Ford F-150 daga ƙirar 2015. Wasu kuma sukan huda gidan fitilar su cusa wani kwan daban mai wayarsa, in akwai wuri.

Hanyar da ta fi tsafta, ta kuma fi buƙatar hannun gwani, ita ce amfani da fitilun motar na asali ta hanyar saka dayod. Dayod ɗan ƙaramin abu ne da ke barin wuta ta wuce gaba amma ya hana ta komawa baya. Ana yanke wayar da ke zuwa kwan, a saka shi a tsakani: baki ɗaya na karɓar wutar ƙaramar motar, ɗayan na karɓar ta motar-gida, mafita ɗaya ta nufi kwan. In babu shi, wutar babbar motar za ta bi waya ta koma cikin kwamfutar da ke sarrafa lantarkin ƙaramar, har tana iya lalata ta, gyaran da kuɗinsa ya ninka na dayod sau da yawa. Dayod na cin kusan bolt 0.7, shi ya sa hasken kan ɗan ragu.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne bambancin tsari. Dokar Amurka ta yarda siginar baya ta zama ja, saboda haka motoci da yawa kwan fitila ɗaya ne ke yin burki da sigina. Turai kuwa ta wajabta sigina mai ruwan lemo, da kwanta daban. Idan motocin biyu ba tsari ɗaya ba ne, sai an saka na'urar da ke haɗe layukan ko ta raba su. Haka kuma na'urar taimakon burki, wadda ke taka fedar ƙaramar motar, tana kunna danjarta da kanta, har ta danne siginar da ke ƙiftawa. Ana magance wannan da rile, wato ɗan makunni da wuta ke kunnawa da kashewa da kanta.

Mafi yawan ɓacin da ake samu daga baya kuwa atin ne. Wanda ya dogara ga sandar ja ta mayar da wuta zai ga fitilu suna dushewa, ko ya kunna hagu dama ma ta riƙa ƙyalli, domin tsatsa da giris sun shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Farar wayar sai an ɗaure ta a shasi, a wurin da aka kankare fenti. Kafin a tashi, mutum ɗaya kan tsaya a baya yana kallo, direba na taka burki yana gwada sigina ɗaya bayan ɗaya.